Alhaji Ilu Mai Ƙafa

A Jakara in ka ce Alhaji Ilu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Mai Ƙafa kowa zai nuna maka rumfarsa. Baduku ne, a ƙofar gidansa yake ɗinkin takalma. Tun zamanin Turawa ya tafi Makka a ƙasa, shi da matarsa Hajo, ta Borno, ta Chadi, ta Sudan, suna tafiya suna yada zango suna neman guzuri. Sun tafi su biyu, suka dawo da 'ya'ya.

Tun daga nan babu maniyyacin da zai bar unguwar bai zauna a bencinsa ba. Sai dai duniya ta koma jirgin sama, shawarar Alhaji Ilu kuwa tana nan a ƙasa.

Shekarar da soja suka fara miƙa wa farar hula mulki, wani ɗan siyasa da ya ci zaɓe ya ba Shehu mai shayi kujerar Makka, don a teburinsa aka yi ta tallata shi. Shehu ko Zariya bai taɓa zuwa ba. Ya zo ya durƙusa.

"Ka sayi jaka?" in ji Alhaji Ilu.

"Na saya, Baba, ta fata, har da kwaɗo."

"Mai ƙafa huɗu nake nufi! Kada ka kuskura ka sayi namiji. In ya hango mace, kai da kayanka sai dai a tsinto ku a daji."

"Baba, ai jirgi za mu hau."

"Jirgin ba ya gajiya ne? Saurara. Sabon takalmi maƙiyinka ne, ka taka shi a gida ya yi laushi. Tafiya da asuba ake yi, rana ta take a nemi inuwa. Ka shafa man kaɗanya a ƙafa kafin ka kwanta. Rijiyar da ba ka ga 'yan gari suna sha ba, kai ma kada ka sha. Abokin tafiya kuwa, fara cin abinci da shi a kwano ɗaya, ka ga girman lomarsa."

Hajiya Hajo na soro tana tsince wake, ta ɗaga murya: "Malam, gaya masa wa ya hau jakar."

"Targaɗe na yi."

"Daga Maiduguri har bakin teku?"

Alhaji Ilu ya sunkuya yana neman basillar da ke hannunsa.

Shehu dai bai yar da shawara ko ɗaya ba, ban da ta jakar. Kullum bayan asuba sai ya sa sabon takalmi ya taka har Ƙofar Nassarawa ya dawo, masu shan shayi na zaune suna jiransa da burodi a hannu. Ya cika buhu da kilishi da dakuwa da kuka da daddawa, har da salkar ruwa. A sansanin alhazai masu awon kaya suka dubi buhun, suka dubi Shehu, suka ce ya zaɓi wanda zai tafi a cikinsu. 'Yan rakiya ne suka cinye kilishin.

Da ya dawo da haƙorin Makka yana walƙiya, ya ce, "Baba, a nan muka yi azahar, isha kuwa a Jidda."

"Wa ka gani a hanya?"

"Gajimare."

Alhaji Ilu ya girgiza kai ya ce Allah Ya karɓa.

Da shekara ta zagayo, ɗansu Sani ya biya wa iyayen kujera. Alhaji Ilu ya kafe sai kusa da taga, don yana da mutane a hanya, ko rufin ɗakinsu ya gani. Aka ba shi. Da yake ya cika cikinsa da tuwo irin na mai shirin doguwar tafiya, jirgi bai gama ɗagawa ba ya fara minshari. Sai a Jidda ya farka, ya hau faɗa don ba a tashe shi ba.

Hajiya Hajo ta ce ya kwantar da hankalinsa, ita ta leƙa ta ga Sudan ɗin, kuma karon farko ke nan da ta wuce ta a zaune.