Awakin Ya Mairamu da Bunsurun da Ya Makara

Ya Mairamu tana zaune a unguwarmu, can gabashin Gure, tun kafin a haife ni. Tana saƙa tabarmar kaba, amma ba ta ɗauki saƙa a bakin komai ba. In ka tambaye ta sana'arta, sai ta ce kiwo. Mijinta ya rasu ya bar ta da 'ya'ya mata, kuma da awaki ta ciyar da su, da awaki ta yi musu kayan ɗaki. Lokacin da na tafi karatu waje, garkenta ya fi na kowace mace a layinmu. Da na dawo, ko ɗan akuya ban tarar ba.

Korona ce ta cinye su, ko da yake cutar ba ta shiga gidanta ba. An rufe iyaka, masu sayen dabbobi daga Najeriya suka daina zuwa, hatsi ya hau, akuya ta faɗi. Ga jikoki an kawo mata. Ta riƙa fitar da su kasuwa ɗaya bayan ɗaya har ta kai ga uwar garken.

Bayan cutar ta lafa, aka ji a rediyo cewa hukuma da ƙasashen da ke taimaka mata sun zauna a Yamai, sun tsara yadda za a tayar da talakawa. Abin da ya iso unguwarmu daga wannan zama shi ne kamiyo, babbar motar kaya, cike da jajayen awaki irin na Maraɗi. Kowace mace da aka zaɓa aka ba ta biyu, aka ce habbanaye ne.

Sunan ya yi wa Ya Mairamu daɗi, don ta san abin. Mahaifiyarta da habbanayen wata ƙawarta Bafilatana ta Alakos ta fara kiwo. Ana ba ka uwa aro, ta haihu a hannunka, ta yaye, sannan ka mayar da ita, 'ya'yan su zama naka. Ba a sa mata rana. Haihuwa ce ke yanke wa'adi.

Wanda furoje, wato shirin tallafin, ya turo wa matan shi ne Mushe Lawali, Malam Lawali ke nan a bakin masu Faransanci, mutumin Tawa, mai haƙuri da sanyin magana. Ya karanta musu sharuɗɗa a gaban mai unguwa. In wa'adi ya cika, za a miƙa iyayen ga wasu mata. Sannan kada a bar awakin su haɗu da bunsuran gari, don kada irin ya gauraya. Jajayen bunsura suna tafe a baya.

Ba su zo ba. Da na bi diddigi daga baya, sai na gano yadda aka raba aikin: wata ƙasa ce ta sayi awakin, wata ƙungiya dabam ta ɗauki nauyin bunsura, ta uku kuma allurar rigakafi. Kowa da ofishinsa, kowa da lokacin da yake sakin abin hannunsa. Masu bunsura suka makara, suna cikin makara gwamnati ta canza a Yamai, suka dakata gaba ɗaya su ga yadda ƙasa za ta kwana.

Matan unguwa ba su jira ba. Da damina ta faɗi, kowa ta kwance nata ta haɗa da garken makiyayi. Ya Mairamu kaɗai ta bar nata a ɗaure. Hamsatu maƙwabciyarta takan leƙo ta kan darni.

"Ya Mairamu, har yanzu amaren suna lalle? Ko sai ango ya sauka daga jirgi?"

"An ce a jira."

"Wa ya ce? Lawali? Shi da ko aure bai yi ba, ina ya san halin akuya?"

"Na ɗaga hannu a gaban mai unguwa na ce na yarda. Ba za a ce ni na ɓata wa mutane iri ba."

"To ki kai su lakwal su yi boko mana, tun da ba za su haihu ba!"

Akuyar da ke ɗaure ciyar da ita ake yi. Ya Mairamu ta riƙa gangarawa kwari tana yankan ciyawa, ga ciwon gwiwa. Abin da tabarma ta kawo, rabi dusa yake tafiya. Awakin suka yi sheƙi, suka yi ƙiba, suna kuka in bunsurun gari ya gifta ta ƙofa, ita kuma tana kora shi da muciya. A gidan Hamsatu kuwa har an sha nono.

Daga ƙarshe bunsurun ya iso, guda ɗaya tal ga unguwa duka, ramamme saboda wahalar hanya. Sai da ta yi jinyarsa tukuna. Akuya ɗaya ta ɗauki ciki, ɗayar ta ƙi. Cikin ya fito ke nan aka aiko cewa furoje zai rufe, baƙi daga Yamai da ƙasashen waje suna zuwa su ga an miƙa awaki ga sababbin mata.

Ta ce in raka ta ofishin furoje, don kada su juya Faransanci a bar ta a baya. Mushe Lawali ya tashi ya ba ta kujerarsa.

"Inna, wallahi na gaya musu. Na ce akwai wadda ta bi doka, a ɗaga mata ƙafa har akuyarta ta haihu. Suka ce ranar ba ta ɗaguwa, da baƙin aka sa ta."

"Su Hamsatu fa?"

"Su sun samu 'ya'ya. Za su riƙe, su miƙa iyayen."

"'Ya'yan bunsurun gari."

"Haka ne. Amma ba wanda ya tambaya."

"Kai ka ce kada a gauraya."

"Ni ma haka aka ce in faɗa, Inna."

"To ɗana, wannan ba habbanaye ba ne. Ku sa masa wani suna. A ina ka taɓa jin an kwance uwa da ciki daga gidan wanda ya yi kiwonta?"

Na tambaye shi ko akwai wanda za a iya kira a Damagaram. Ya ce na Damagaram Yamai yake jira, na Yamai kuma ba shi ya sa ranar ba.

Ranar miƙawa an kafa rumfa, an jera kujeru. Aka yi jawabi da Faransanci, tafinta yana juyawa. Wata baƙuwa ta yi magana da ladabi, ta ce abin da ya fi burge su shi ne an gina aikin a kan al'adar mutanen ƙasa. Da aka zo ɗaukar hoto, awakin Ya Mairamu aka jawo gaba, don duk wurin babu masu kyansu. Aka ce ta yi murmushi. Ta miƙa igiyar awakin biyu ga Rahama, wata yarinya mai goyo da mijinta ya tafi Libiya aka daina jin labarinsa.

Rahama ta riƙe igiyar, ta kasa ɗaga ido.

"Ya, in mai cikin ta haifi biyu, ɗaya taki ce. Na rantse."

"Allah ya sauke ta lafiya. Ki riƙa jiƙa mata dusar, ba ta cin busasshiya."

Ɗaya ta haifa, mace, ja wur. Ya Mairamu ta je barka da ɗan ƙunshin kanwa. Rahama ta fara maganar ko za a raba, Ya Mairamu ta katse ta, ta ce ba a raba akuya ɗaya, kuma ɗan da ke bayanta ya fi kowa bukatar nonon.

Bana aka ce hukuma da abokan hulɗarta sun sake zama, za a yi sabon rabo. Ta ɗauko tabarminta na kasuwa ta biya ta ofishin. Mushe Lawali ya tare ta tun daga ƙofa.

"Inna, wannan karon na waɗanda ba su samu ba ne. Ke an ce kin riga kin amfana."



"To, Allah ya amfana," ta ce.

Ta gyara ɗaurin tabarmin a kanta, ta nufi kasuwa. Har yau babu akuya a bayan ɗakinta.