Jan Keken Kawu da Ruwan Masu Yankan Riɗi

Wahala ce kawai. Duk wanda ya ce maka tuƙa keke a ƙasar Gadarif daɗi ne, bai taɓa bin sawun tarakta da ya bushe bayan damina ba.

Shekarar da na bar makaranta a aji huɗu, aikina shi ne kai ruwa gonar riɗinmu da ke hanyar Hawata. Masu yanka su shida ne, Habashawa da suka shigo ta Gallabat, sharaɗinsu ɗaya: ruwa ya iso kafin azahar. Riɗi kuwa in ya nuna ba ya jiran kowa, kwana biyu sai ya tsage ya zube ƙasa.

Kekuna biyu ne a gidanmu, duka na ƙarfe. Na Baba baƙi ne, dogo, ga nauyin tsiya, amma in ka ɗora masa jarka biyu sai ka ji ƙarfen yana ɗan lanƙwasawa, yana shanye gargada kafin ta iso ƙugunka. Na Kawu Idirisu ja ne, ɗan gwanjo, mai giya da taya masu haƙora, irin na hawan dutse. Gajere ne, ga tauri. In ba kaya, tsalle yake kamar ɗan akuya, sai dai kowane rami a muƙamuƙinka za ka ji shi. Kawu ya sha ce mini, "Ya walad, yaro, wannan na yawo ne, ba na dako ba."

Wata rana na ɗauki jan keken, don kawai yaran unguwa su gan ni. Ban kai rabin hanya ba girgiza ta tsinke igiya. Jarka ɗaya ta fashe, ɗayar murfinta ya yi tsalle, baƙar ƙasa ta shanye komai ina kallo. Na koma rijiya na sake cika mai lafiyar. Sai bayan la'asar na isa.

Habashawa sun bar mu, sun tafi mashru'in da ke kusa, wata babbar gona. Baba kaɗai na tarar, lauje a hannu, leɓensa ya yi fari. Ya dubi keken, ya dube ni.

"Khalas, shi ke nan," ya ce. "Sha ruwan, ka gaji."

Wallahi gara ya doke ni.

Yanzu raksha, babur mai ƙafa uku, ke kai ruwa gona, yarana ma ba su san nauyin jarka ba. Ni dai har yau in na tuna yammacin nan sai maƙogwarona ya bushe.

Washegarin ranar nan da asuba na ari laujen maƙwabci, na bi bayan Baba a ƙafa.