Ramin Yumɓun Yayata

Na shiga ajin manya ina da jikoki biyu. Ban ji kunya ba, kuma duk wanda ya yi mini dariya a Kwali na ba shi amsarsa a tsaye. Da na iya karatu sai na zarce, har na kai ajin da ake koyar da labarin ƙasa. A nan na ɗauko ilimin da na kashe sana'ar yayata da shi.

Yayata maginiyar tukwane ce. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, kuma ita ta goya ni. Tana zaune a ƙauyenmu, can bayan Yangoji, inda mota ba ta shiga da damina. A gefen rafin garin akwai ramin yumɓu da matan gidanmu suke haƙa tun zamanin kakanni. Yaya ba ta zaɓen yumɓu da ido. Sai ta sauka cikin ramin, ta gutsuro, ta murza a yatsu, ta ɗora a harshe. In ta tofar ta ce, "Wannan na sama ne, ba shi da gaskiya," sai a ƙara haƙawa. In ya yi mata, ta cika ƙwarya ta saɓa a kafaɗa, don mu Gbagyi ba ma ɗora kaya a ka. Ga ruwa a rafi, ga ciyawa da kirare a daji. Wahalarta guda ce, fitar da kaya bakin titi. Kafin a kai, randa ta tsage, tulu ya rasa baki.

Malaminmu ma'aikacin gwamnati ne a cikin Abuja, ranar Asabar yake zuwa ya koyar da mu. Wata rana ya tambaye mu me ya sa ake kafa masana'anta a wani wuri a bar wani. Ya rubuta a allo: ɗanyen kaya, ruwa, wuta, ma'aikata, hanya, kasuwa. Sannan ya ce kayan da ke saurin fashewa ko lalacewa gara a yi su kusa da masu saye. Na ji kamar da Yaya yake. Ya ci gaba da bayani a kan ɗanyen kaya mai nauyi, wanda shi ke jan masana'anta zuwa inda yake, amma lokacin hankalina ya riga ya tafi ƙauye. Ban rubuta wannan ba.

Washegari na je ƙauye na sami Yaya tana shafa cikin wata randa da tsumma.

"Yaya, tattara za ki yi ki dawo bakin titin Lokoja. Ina da fili a bayan gidana."

"Sannu Malama," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Yau kuma me aka zuba miki a kai?"

"An koya mana. Abin da ke fashewa a kusa da kasuwa ake yin sa."

"Shi malamin naku ya taɓa gina ko kaskon suya?"

"Ya karanta."

"To yumɓun fa, shi ma ya karanta? Zai biyo ni da ƙafarsa?"

Na ce tifa za ta kawo. Na yi ta magana har na gaji da jin muryata. Ni ba a kayar da ni a gardama, kuma a lokacin ina ganin wannan abin alfahari ne. Ta daɗe tana ƙi. Abin da ya karya ta shi ne da na ce, "Har yaushe za ki yi ta zama cikin duhun kai?" Ta kalle ni, ta wanke hannunta, ta ce to. Wasu mata uku da suke gini tare da ita suka biyo ta, don ita ce babbarsu.

Tifa ta farko da ta juye kaya, Yaya ta ɗanɗana ta tofar. Direban ya yi dariya ya ce, "Mama, ƙasa ai ƙasa ce." Masu lodi sun kwashe na sama, wanda ya fi sauƙin shebur, ba ma daga raminmu ba, daga wani wuri da tifa ke iya shiga. Na ce ta yi haƙuri ta gwada. Ta tankaɗe, ta jiƙa da ruwan 'yan ga-ruwa, ta daka tsingaro ta haɗa, ta gina. Ranar toyi muka jera tukwane, muka rufe da ciyawar da aka sayo, aka sa wuta. Ba a jima ba muka fara jin ƙara, tau, tau, kamar ana harbi. Kowace ƙara sai kafaɗar Yaya ta motsa. Mai shagon kusa da mu kuma yana ta faɗa wai hayaƙi ya kori masu saye.

Masu motoci suna tsayawa, ban yi ƙarya a nan ba. Amma abin da ya tsira daga wuta ba shi da ƙwari. Wata mata ta dawo da randa tana tsiyaya, ta ce wa Yaya, "Da ba haka kike yi ba." Ban taɓa ganin an mayar mata da kaya ba sai ranar.

Damina biyu muka yi a haka, ni ce nake cewa a ƙara gwadawa. A ƙarshe ta ɗaure tsummokaranta ta ce gida za ta. Na raka ta.

Mun tarar an zagaye bakin rafin da waya. A ciki ga inji yana buga bulo, ga tulin yashi, an kuma share hanya har tifa tana shiga. Mai gadi ya tare mu.

"Mama, ina zuwa? Oga ya ce ba a shiga."

"Ramina zan gani," in ji Yaya.

"Wane rami? An cike shi tun bara."

Muka je wurin dagaci. Ya ce da masu neman filin suka zo, sun tambaya ko ana amfani da wurin. Aka je aka duba, ciyawa ta rufe ramin, babu sawun kowa. "Da kuna ciki, da na sami abin faɗa," in ji shi. Na ɗaga murya, na ce zan rubuta takarda, yanzu na iya. Yaya ta riƙe zanena ta ce, "Ya isa, ƙanwata. Kin yi magana da yawa."

Na rubuta takardar duk da haka. Ba a amsa ba.

Yanzu tana ƙauye, tana ɓarar gyaɗa a ƙofar ɗaki. Ba ta taɓa cewa laifina ne ba, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Bana aka aurar da jikarta ta fari. A gidanmu kaka ce ke gina wa amarya randar ruwa. Ni na je kasuwar Kwali na sayo babbar robar ruwa mai murfi. Yaya ta zagaya ta sau ɗaya, ta ce a sa a mota da sauran kaya, ta koma ɗaki.