Kwanon da Inna Ta Mayar

A Dakoro, ran Babbar Sallah ana banƙare raguna a sanduna, a jera su kewaye da wuta su yini suna gasuwa, sai washegari a yi rabo. Mu Kirista ne, ba mu da layya, amma ba mu taɓa rasa nama ba. Maƙwabciyarmu, matar wani mai sayar da awaki, kowace shekara takan aiko wa Inna kwano guda, har da hanta. Ita ce ta karɓi haihuwata, ita ta zauna da Inna lokacin da babanmu ya rasu.

Ina budurwa sai wani dattijon majami'armu ya tashi ran Lahadi ya ce akwai masu cin naman hadayar wani addini a cikinmu. Bai ambaci suna ba, ya dai tsura wa Inna ido har kowa ya waiwaya. Aka ce ba za ta ƙara cin Jibin Ubangiji ba sai ta mayar da naman inda ya fito.

Inna mace ce mai tsoron Allah da tsoron manya. Ta ɗauki kwanon, na bi ta a baya. Maƙwabciyarmu ta buɗe, ta ga namanta, ta ce, "Mi na yi miki, ƙawata?" Inna ta miƙa mata kwanon. Matar ta karɓa, ta rufe, ta ce, "Babu komi, Allah shi bar zumunci." Har Inna ta rasu ba ta ƙara iya haɗa ido da ita ba, duk da cewa matar nan ce ta riƙa dama mata kunu a ciwonta na ƙarshe.

Shekaru suka wuce, aka kafa komite na zaman lafiya tsakanin addinai, aka sa dattijon nan a ciki. Sai ga shi a rediyo yana koya mana haƙuri da juna, murya kamar an shafa mata mai.

Wata shekara, washegarin Sallah, matan zumunta na majami'a suka aike ni gidan dattijon da saƙo. Na tarar da shi a tabarma, cinyar rago a gabansa, maiƙo har gemu. Wani babban ɗan kasuwa da suke komite tare ne ya aiko masa.

Na ce, "Baba, wanga ba naman layya ba ne?"

Ya ce, "Ɗiyata, abinci abinci ne, Littafi bai hana ba. Sai mun yi haƙuri da juna."

Ashe ya sani. Naman mai awaki ne ƙazanta, na mai mota kuwa zumunci.

Ran Lahadi, da aka zo lokacin shaida, na tashi da kwanon Inna a hannu, wanda ta mayar ɗin, don maƙwabciyarmu ta dawo mana da shi cike da gero tun a makon da aka mayar mata. Na faɗi abin da aka yi wa Inna, na faɗi abin da na gani a tabarma. Na ce ban nemi komai ba sai ya taka ya je ya ba tsohuwar nan haƙuri, tunda Inna ta riga ta tafi. Ya sunkuyar da kai, kuma Allah ya gafarta mini, na ji daɗi.

Bai je ba. Ni aka dakatar daga Jibi wata uku saboda rashin kunya. Fasto ya ce in yafe. Na ce ina ƙoƙari, amma in haƙuri ake son in koya, na riga na ga mai shi, kuma ba a rediyo take ba.

Tsohuwar tana nan da rai, idonta ya tafi. Kowace shekara nakan kai mata kwanon da kaina ta sa a cika mini. In shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, daidai inda dattijon ke wucewa zuwa majami'a. In ya iso sai in ɗaga tsoka in ce, "Baba, bisimilla, na mai awaki ne."

Har yau bai taɓa tsayawa ba.