Kunyar Ɗiyar Fari Ta Hana Ni Tambayarki

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Talata 13 ga Mayu 2025, da hantsi, ɗiyata ta fari Raƙiya, malamar lakkol, wato makarantar boko, a Kalfu, ta rasu a likita, wato asibiti, a nan Tawa, tana da cikin wata takwas. An ciro jaririyarta da rai.

Raƙiya, ba ki taɓa ɗaga mini murya ba, ni kuwa ban rage miki faɗa ba. Ke kika lura ina nisanta takarda da idona, kika kawo mini tabarau. Ɗalibanki mata da aka cire daga aji, gida-gida kika bi har kika maido da bakwai.

Amma raina a ɓace yake, kuma da kaina zan fara. Kin zo hutu ƙafafunki sun kumbura, zobe ya ƙi fita daga yatsanki. Gwaggonki Tanna ta yi shewa ta ce, "Ka ga ƙafa kamar turmi! Tagwaye ne, mijinta Muktari ya shirya raguna biyu." Kowa ya yi dariya. Na ga kina dafe kai, kina runtse ido. Ni da na kai kolej na san wannan ba abin dariya ba ne. Na yi shiru, don uwa ba ta tambayar ɗiyar fari zancen ciki. Ke ma kunyar ta sa kika bar zuwa awo.

Bayan jijjiga ta kayar da ke, lokotoron da ya duba ki ya zaunar da ni. Ya ce tun farkon ciki mabiyiya ba ta kama jikin mahaifa sosai ba, hanyoyin jini suka ƙuntata, sai ta dinga sakin wani abu cikin jininki yana hawar da tansiyo, wato hawan jini, yana cin ƙoda. Masana suna ta neman maganin da zai tare shi. Kafin su samu, in ji shi, akwai awo, akwai ƙwayar da ake farawa da wuri, akwai allurar hana jijjiga. Duk suna nan, mu ne ba mu zo ba.

Iyaye mata, wace irin tarbiyya ce wannan da ke hana uwa buɗe baki? Kwana ƙararre ne, na sani, amma za a tambaye mu sakacinmu.

Ƙanwarki Zahara tana da cikin wata huɗu, cikin fari. Surukarta ta ce ba a tona ciki tun bai fito ba. Na ce mata, "Hajiya, Litinin da safe zan zo in ɗauke ta in kai ta awo, ki kira ni marar kunya."

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya raya marainiyarki. Ya ba mijinki Muktari da danginsa na Kalfu haƙuri. Ni kuma, ɗiyata, ki yafe mini.