Muƙamuƙin da Kaka Ta Ɗauko a Ka

Kakata Ige ba ta yin tatsuniya sai tana bandar kifi. A Warra, bayan magariba, mu jikoki mukan kewaye wutar, hayaƙi na cin idanunmu, ita kuwa ko a jikinta. A gefenta akwai wani muƙamuƙi mai nauyin dutse, da haure biyu. Kakanmu ne ya tono shi a gaɓar kogi, kafin ruwan Kainji ya cinye garinsu. Ranar da aka tashe su, turminta ta bari ta ɗauko shi a ka.

"Wagga ba ta Gizo ta ba," in ji ta. "Mai wanga baki ya yi zamani, shina da kohwato, shina da haure."

Wai wata shekara da fari ya tsananta, sai mai muƙamuƙin ya fita neman dangi. Giwa ta ce hauren ya yi kama, amma a gidansu babu kofato. Gyado, aladen daji, ya ce bai san shi ba. Dorina ce ƙanwarsa ta jini, sai dai ta riga ta koma ruwa ta yi ƙiba, ta nutse ta bar shi tsaye a gaɓa. Haka ya mutu, babu mai karɓar gaisuwarsa.

In ta kawo nan, ɗanta Kawu Bawa yakan tuntsure da dariya. "Inna, ƙashin dorina na, ki bar ruɗin yara." Ita da ta ga kan dorina ya fi a ƙirga, sai ta ci gaba da juya kifinta. Amma ƙashin da yake rainawa, shi yake kankarar wa mata su jiƙa wa jarirai masu fitar da haƙori.

Da na zama malamin makaranta na karanta cewa lallai an yi dabbobi masu kofato da haure da suka ƙare, masana na danganta wasunsu da dorina, kuma ta haƙora ake gane danginsu. Kaka ta riga ta rasu da sunan mai ruɗin yara. Na tafi Warra in ɗauko muƙamuƙin a duba shi a jami'a, ko a wanke sunanta. Kawu ya miƙo mini guntu kamar sabulun da ya sha wanki, babu haƙori ko ɗaya.

"Ai ya yi amfani," in ji shi.

Har yau raina na ɓaci. Ko gaskiyarta ce, ko ba ita ba, babu wanda zai ƙara sani. A da ina jin haushin dorina, alhali ita nutsewa kawai ta yi. Mu kuwa jiƙa shaidar tsohuwa muka yi muka shanye, kuma mahaifiyata ta ce ni ma an ɗura mini.