Allon da Kawu Ya Zaɓa

Kawuna, yayan mahaifiyata, shekara talatin da huɗu ya yi yana tuƙa tirela. A garejinsu Dogon Zango ake ce masa, don duk tafiyar da direbobi suka noƙe saboda nisa, shi ake ba. Mutum ne dogo, marar yawan magana. Hannunsa ɗaya ya fi ɗayan baƙi, saboda ranar da ta shekara tana dukansa ta tagar mota.

Ciwon suga ne ya sauke shi. Da aka zo sabunta lasisi, likitan kamfani ya duba idonsa ya ce ba zai sa hannu ba. Kawu bai yi gardama ba. Ya miƙa makulli, ya kwaso bargonsa daga bayan kujera ya dawo gida. A lokacin matarsa ta shekara biyu da rasuwa, 'ya'yansa maza kuma kowa yana garin da yake aiki. Ƙaramar 'yarsa, wadda duk muke kira Auta, ita ta ɗauko shi zuwa gidan da take haya, ɗaki biyu da ɗan falo a hawa na uku.

Auta gyaran rubutu take yi wa wani kamfanin buga littattafai, daga gida, da laftof ɗin da suka ba ta. Tana aiki, shi kuma yana bakin taga yana kallon titi, sai dai ka ji ya ce motar can birkinta ya kusa ƙarewa. Wata huɗu yana haka, ya rame, ko rediyo ya daina kunnawa.

Ni na kai masa kwamfutar wasa. Tawa ce da na daina amfani da ita, na sa mata wasan tuƙin manyan motoci, na haɗa da sitiyari da ake ɗaurawa a gefen tebur da abin taka birki da totur. Da farko ya ce na raina shi, na kawo masa kayan yara. Kafin mako ya zagayo, idan Auta ta kira shi cin abinci sai ya ce ta dakata, yana kan gangara da kaya. Ba ya wuce ƙa'idar gudu, ba ya juyawa sai ya ba da sigina. Abin da kawai yake ƙorafi a kai shi ne babu mai tsayar da shi a hanya su gaisa.

Sai dai allon da na haɗa masa ƙarami ne, tsohon yayi, sai ya sunkuya kafin ya ga madubi. Ita ma Auta wuyanta ya fara ciwo saboda duƙawa a kan laftof, idanunta kullum jajur. Tebur ɗaya ne a falon, ba wurin ajiye na biyu. Shi ya sa muka yanke a sayi babban allo guda, ita ta yi aiki da shi daga safe zuwa la'asar, shi ya karɓa daga nan.

Wata Asabar da hantsi muka je kantin kayan kwamfuta mu uku. Mai shagon, wata mata mai haƙuri, ta saurare mu sannan ta ware mana guda biyu. Dukansu suna da kafa biyu a baya, a jona kwamfutar wasa a ɗaya, laftof a ɗayar, a danna maɓalli ya koma wadda ake so. Na farko mai faɗi ne sosai, a ɗan lanƙwashe, ta ce don wasa aka yi shi, hoto ba ya tsinkewa ko ana gudu, amma ƙananan haruffa ba sa fita tar. Na biyu bai kai shi faɗi ba, inci ashirin da bakwai, shi kuwa rubutu a kansa kamar a takarda, ana ɗaga shi a sauke daidai da idon mutum.

Ta zaunar da Kawu gaban mai faɗin, ta sa masa hoton hanya. Ya ƙura wa hoton ido. Na ga ya ɗaga hannuwa kaɗan daga cinyarsa, sannan ya mayar. Daga baya ya ce wannan kam gilashin gaba ne, madubin hagu da na dama duk suna ciki. Nan take Auta ta ce shi za a ɗaure mana.

Kawu ya ce a dakata. Ya roƙi mai shagon ta sa rubutu iri ɗaya a kan duka biyun, ya tambayi Auta wanne ya fi fita. Ta ce duk ɗaya ne. Ya ce tun tana ƙarama ba ta iya ƙarya ba, hancinta ne ke motsi. Mai shagon ta yi dariya. Ya nuna ƙaramin ya ce shi yake so. Auta ta dage, ta ce ita ko a waya za ta iya aikinta, shi kuwa abin da ya rage masa ke nan.

"Auta, saurara," in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Ranar da na ce miki na je gareji gaida mutane, asibitin ido na je. Likita ya ce in na yi sa'a, zan ƙara wata goma ina gani. Ke kuwa da idonki kike ci. Kada ki saya wa wata goma abin da za ki shekara goma kina wahala da shi."

"Baba, me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ga shi na gaya miki."

Ta fita waje ta tsaya a bakin ƙofa ta ba mu baya. Ni ma ban sani ba sai a lokacin. Mai shagon ta shiga ciki ta ɗauko kwalin ƙaramin allon, ta daɗe tana naɗe waya ba ta ɗago kai ba.

Wata bakwai ya samu yana tuƙi a sabon allon. Kullum da la'asar Auta za ta rufe aikinta ta danna maɓalli, ta sauke allon daidai da shi. A wata na biyar ya fara cewa a matso masa da shi. Daga nan ya fara gogar shingen gefen hanya, yana ba motocin cikin wasan haƙuri. Wata rana da yamma ina zaune, ya gangara da tirelarsa gefen titi, ya ja birkin hannu, ya kashe inji. Ya ce in kwance sitiyarin daga tebur, Auta tana buƙatar wurin ajiye takardu. Bai sake tambayarsa ba.

Bayan nan kujerarsa ta koma kusa da tata. Tana gyara tana karanta masa a bayyane, ko littafin noma ne ko na yara, wani lokaci ya ce wannan jimlar ta yi tsawo, marubucin ya taka birki mana. Ya shekara ɗaya da rabi a haka kafin ƙodarsa ta gaza.

Tsofaffin direbobin garejinsu sun zo mana ta'aziyya, su biyar, suka hau benen da ƙyar. Ɗaya daga cikinsu, wanda suka fara aiki tare, ya ja ni gefe ya tambaya ko gaskiya ne Dogon Zango ya riƙa tuƙi a cikin falo. Na ce gaskiya ne. Ya yi murmushi ya ce ai ya san ko a can bai taɓa gogar komai ba, don a duk shekarun da suka yi a hanya ko madubi bai taɓa fasawa ba.

Na ce masa haka ne, bai taɓa ba.